Tsohuwar Fata, Sabuwar Tawada: Sharhi a kan Hujjar Littattafan Fata

Akwai wata hujja da take yawo a bakin mutane a wannan zamani, a wurin wa'azi da gardamar kasuwa da kuma cikin wayoyin hannu. Za ka ji an ce an samo wani littafi a ƙasa kaza, a kan fata aka rubuta shi, ya shekara 1,500. Da zarar an ambaci fata sai a ɗauka magana ta ƙare. Wani yakan kawo wannan hujja domin ya rushe Littafi Mai Tsarki, wani kuma domin ya kare shi, amma dukansu biyu a bango ɗaya suka jingina: wai tsufan fata shi ne shaidar gaskiyar abin da aka rubuta a kanta.

Wannan ya shafi aikinmu kai tsaye. Fasto ko mai bishara a Kara, ko Getso, ko Kutama, ko Garo, ko Kabo, yana zaune ne cikin maƙwabta Musulmi, sau da yawa ma 'yan'uwansa ne na jini. Wata rana wani matashi na ikkilisiya zai kawo masa hoton baƙin littafi mai rubutun zinariya ya ce, "Baba Fasto, an ce wannan ce Linjila ta ainihi." In faston ya ce ƙarya ce ba tare da dalili ba, yaron zai ɗauka tsoro ne ya hana shi duba maganar. In kuma shi da kansa ya saba ƙawata wa'azinsa da labarin tsofaffin fatu da bai tantance ba, ranar da asirin ɗaya ya tonu amincinsa zai zube a idon jama'a. Abin da wannan sharhi yake so ya nuna shi ne, fata shaida ce mai gaskiya, amma a kan dabbar da aka feɗe take ba da shaida. Tawada da kalmomi da hannuwan da littafi ya bi, kowannensu yana bukatar nasa binciken dabam.

Fatar jima da fatar rubutu

Mutumin ƙasar Kano ba baƙon fata ba ne. Sa'ad da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar takalma da jemammun fatu suna cikin manyan kayan da fatake suke fita da su zuwa arewacin Afirka. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta daɗe tana ƙetare hamada, har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko domin ta can take isa hannunsu. Wannan kaɗai ya isa darasi: sunan da fata ta ɗauka a kasuwa ba lalle ne ya nuna asalinta ba.

Sai dai fatar da muka saba da ita jemammiya ce. Majemi yakan jiƙa ta a ruwan toka, ya kankare gashin, ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa, ya shafa mata mai har ta yi laushi. Da ita dukawa suke ɗinka takalmi da jaka da gafaka. Fatar rubutu kuwa, irin wadda aka yi aiki da ita a Turai da Gabas ta Tsakiya da Habasha, ba a jeme ta. Ana jiƙa ta kwanaki cikin ruwan farar ƙasa mai kaifi, a cire gashin, a ɗaure ta jikin katako a ja ta tamau, a yi ta kankara da wuƙa mai siffar jinjirin wata, a bar ta ta bushe a miƙe, sa'an nan a goge ta da dutse mai kaushi da alli. Ta fi kusa da fatar da ake ɗaure ganga ko kalangu da ita. Sunanta a harsunan Turai ya samo asali ne daga Birgamas, ɗaya daga cikin biranen ikkilisiyoyi bakwai na Wahayin Yahaya. Manzo Bulus ma ya ambace ta a 2 Timoti 4:13, inda ya roƙi a kawo masa littattafansa, musamman na fata.

Daga ƙarni na 4 fata ta soma rinjayar takardar iwa ta Masar, ta kuma zama babban abin rubuta Littafi Mai Tsarki na kusan shekara 1,000, har takarda ta yawaita a Turai a ƙarni na 14 da na 15. A ƙasar Hausa labarin dabam ne. Littattafan malamanmu a kan takarda suke, yawancinta 'yar Italiya mai alamar wata uku, wadda Barth ya gani ana sayarwa a kasuwar Kano. Fata aikinta shi ne rufi da ajiya. Saboda haka in wani ya ce an tono littafin fata zalla a wani kango a ƙasarmu, tun daga nan ya kamata kunne ya tashi. A Afirka, Habasha ce ta riƙe rubutu a kan fata har zuwa yau, kuma Bisharun Garima da suke can suna cikin tsofaffin littattafan Bishara masu zane da suka rage a duniya, gwaji ya sa su tsakanin ƙarni na 4 da na 7.

Abin da fata take iya shaidawa

Na fari, tana faɗin irin dabbar. Duk wanda ya taɓa cinikin fatu ya san ramukan gashin akuya dabam suke da na tunkiya da na maraƙi. Yanzu kimiyya ta ƙara a kan wannan. A 2015 Sarah Fiddyment da abokan aikinta na Jami'ar York a Ingila sun fitar da bincike a kan ƙananan Littattafai Masu Tsarki 72 na ƙarni na 13, irin waɗanda masu wa'azi suke yawo da su. Fatarsu siririya ce ƙwarai, har an daɗe ana cewa daga ɗan tayin saniya aka samo ta, ko zomo, ko kurege. Masu binciken ba su yanki ko ɗan ɓarɓashi ba. Magogin fensir suka goga a hankali a kan shafi, suka auna sinadarin da ya manne a garin magogin. Suka tarar fatun maraƙi ne da akuya da tunkiya, sirantakar kuwa gwanintar masu kankara ce. Labarin da aka yi ta maimaitawa tsara zuwa tsara ya faɗi a gaban garin magogi.

Na biyu, tana faɗin tsadar littafi. Littafin da ake kira Amiyatinus, wanda aka rubuta a arewacin Ingila kafin 716, shi ne cikakken Littafi Mai Tsarki mafi tsufa da ya rage na fassarar Latin ta Jerom. Yana da warƙa wajen 1,030, nauyinsa ya kai kilo 34, kuma ya ci fatun maruƙa fiye da 500. Uku aka yi irinsa a wuri ɗaya. Ka tsaya a kara ranar kasuwa ka ƙiyasta garken da zai ba da maruƙa 1,500, za ka gane dalilin da ya sa ikkilisiyoyi da yawa a wancan zamani ba su mallaki cikakken Littafi ba, sai Zabura ko Bisharu kaɗai.

Na uku, tana faɗin shekaru, amma da iyaka. Kowace dabba mai rai tana ɗaukar wani sinadari da ake kira kabon 14 daga abincinta. Ranar da ta mutu sai ɗauka ta tsaya, abin da yake jikinta ya soma raguwa, rabinsa yana ɓacewa cikin kowace shekara 5,730. In an auna ragowar sai a ƙiyasta lokacin mutuwar. Kamar duba haƙoran sa ne: dillali zai gaya maka shekarunsa kusa-kusa, ba zai gaya maka ranar haihuwarsa ba. A 2015 Jami'ar Bamingham ta sanar cewa warƙoƙi biyu na Alƙur'ani da suke ajiye a wurinta an gwada fatarsu ta faɗa tsakanin 568 da 645. Masana na kowane ɓangare sun yi maraba da sakamakon, sun kuma tuna wa mutane cewa lokacin mutuwar dabbar aka auna. Abin da ya ƙarfafa tsufan rubutun shi ne salon haruffansa irin na Hijaz ya dace da wannan lokaci. Shaidu biyu ne suka haɗu, fata da hannun marubuci.

Na huɗu, fata tana tona asirin wanda ya taɓa ta. Wani bincike na 2021 a kan takardun shari'a 477 na Birtaniya ya nuna fiye da kashi 96 cikin 100 na abin da aka gwada fatar tunkiya ce. Dalilin da masu binciken suka bayar shi ne fatar tunkiya mai kitse ce, in aka kankare kalma sai samanta ya ɗaye ya bar tabo, kowa ya gani. Lauyoyi sun zaɓe ta ne domin ta hana maguɗi. Amiyatinus ma yana ɗauke da irin wannan tabo. Shugaban gidan sufayen da aka rubuta shi, Ceolfrith, ya kama hanya da littafin a 716 domin ya kai shi Roma, ya rasu a Faransa. Daga baya wani a Italiya ya kankare sunansa daga shafin sadaukarwa ya sa na wani Bitrus na Lambardawa, aka yi ƙarnuka ana ɗaukar littafin aikin Italiya ne, sai a shekarun 1880 Giovanni Battista de Rossi ya gano sunan asali a ƙarƙashin kankarar. Fatar ta gaske ce, nassin na gaske ne, sunayen da aka sauya a shafin sadaukarwa ne ƙarya.

Inda shaidar fata ta tsaya

Ɗan damfara ma ya san duk abin da muka faɗa. Ya san za a gwada fata, saboda haka yakan nemi tsohuwa. Tsofaffin littattafai suna da shafuffukan da ba a rubuta kome ba, da faffaɗan gefe, ga kuma guntayen fatu da ake tonowa a kangaye. Tsohuwar fata ba wuyar samu gare ta ba ga mai neman kuɗi.

Misali na kusa da ɗalibin tauhidi shi ne ƙaramin littafin Bisharar Markus da Jami'ar Shikago ta saya a shekarun 1930. A jerin rubuce-rubucen hannu na Sabon Alkawari lambarsa 2427. Ana ganin na ƙarni na 14 ne, nassinsa kuma ya yi kusa ƙwarai da na Batikanus na ƙarni na 4, har manyan masana suka sa shi a aji na fari, aka riƙa ambatonsa a ƙasan shafin Sabon Alkawari na Helenanci da makarantun tauhidi suke koyarwa da shi. Sai aka duba fentin zane-zanensa aka sami wani shuɗi da ba a ƙirƙiro shi ba sai farkon ƙarni na 18. A 2006 Stephen Carlson ya nuna cewa marubucin ya kwafo ne daga bugun Philipp Buttmann na 1860, har da kurakuran da suka keɓanta da wannan bugu. Da aka gwada fatar kuwa, ta tsufa da gaske, ta wajen ƙarni na 16 ce. Fatar ta shekara 400 ko fiye, rubutun bai wuce na ƙarshen ƙarni na 19 ko farkon na 20 ba. Fenti da kalmomi ne suka kama ɓarawon. Da fata kaɗai aka tambaya, da ya tsira.

Misali na biyu ya fi ciwo, domin masu bi ne aka cuta, kuma ƙaunarsu ga Littafi ce ta buɗe wa macuta ƙofa. Daga 2002 guntayen fatu fiye da 70 suka bayyana a kasuwar kayan tarihi, ana cewa daga kogunan Kumran na bakin Tekun Gishiri suke. Attajirai Kirista da wasu makarantun tauhidi na Amurka suka saya da kuɗi masu yawa. Gidan Tarihin Littafi Mai Tsarki da aka buɗe a Washinton a 2017 yana da guda 16. A watan Maris na 2020 rahoton ƙwararru da Colette Loll ta jagoranta ya tabbatar dukansu jabu ne. Fatar tsohuwa ce, amma jemammiya ce, mai yiwuwa ragowar takalman zamanin Romawa, ba irin wadda aka gyara domin rubutu ba. A ƙarƙashin madubin ƙara girma aka ga tawada ta kwanta cikin tsagogin fatar, ta kuma gangara bakin yagewa, alamar cewa an yi rubutun ne bayan fatar ta riga ta tsufa ta tsattsage. An shafe su da wani abu mai kama da manne domin su yi ƙyalli irin na gaske, an barbaɗa musu ƙasa. Abin lura, yawancin guntayen nan ayoyin Littafi Mai Tsarki suke ɗauke da su, alhali a cikin abin da aka samu a Kumran na gaske, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai Littafi Mai Tsarki. Macutan sun san abin da mai saye yake marmari, shi suka rubuta masa.

Ya kamata a yaba wa gidan tarihin domin shi ya biya kuɗin binciken ya kuma bayyana sakamakon. Amma laifin farko yana nan: an saya ba tare da an tabbatar da inda kayan suka fito ba. Bahaushe ya ce ba a cinikin biri a sama.

Baƙin littafin Ankara

Da wannan ma'auni za mu auna hoton da ya fi kowane yawo a wayoyinmu. A watan Fabrairu na 2012 jaridun Turkiyya suka ba da labarin wani littafi mai baƙar fata da rubutun ruwan zinariya cikin haruffan Suriyanci, wanda aka ƙwace daga hannun 'yan fasa-ƙwauri a 2000, daga baya aka miƙa shi ga wani gidan tarihi a Ankara. Nan da nan aka ce ya shekara 1,500, aka kuma ce shi ne ainihin Linjilar Barnaba. Labarin ya gama duniya tun kafin wani masani ya fitar da cikakken nazarinsa. Masu karatun Suriyanci da suka duba hotunan da aka saki sun ce lambar 1,500 da take jikin shafin shekarar rubutun take nufi, wato shekara ta 1500 bayan haihuwar Almasihu, sun kuma nuna kurakuran harshe da sufi mai ilimi ba zai yi ba. Kayan da ya fito daga jakar ɗan fasa-ƙwauri ba shi da tarihin ajiya, ba a san ɗakin da ya kwana ba balle wanda ya gada.

Ita kanta Linjilar Barnaba da ake karantawa yau ba daga wannan littafi ta fito ba. Tushenta rubutun hannu ne na Italiyanci mai babi 222, a kan takarda, na ƙarshen ƙarni na 16, yana ɗakin karatu na ƙasar Ostiriya a Biyana, sai kuma wani na Sifaniyanci da kwafin wani sashensa ya rage. Lonsdale da Laura Ragg suka fassara na Italiyancin zuwa Turanci a 1907, daga nan sauran fassarori suka yaɗu. Kalmomin cikinta sun nuna zamaninta. Ta ce shekarar murna kowace shekara 100 take zuwa, alhali Littafin Firistoci ya sa ta kowace shekara 50, Fafaroma Bonifas na 8 ne ya kafa ta shekara 100 a 1300. Ta sa Yesu ya isa Nazarat cikin jirgin ruwa, alhali Nazarat a kan tudu take nesa da tafkin Galili. Ta kuma sa Yesu yana cewa shi ba Almasihu ba ne, abin da ya saɓa wa Sabon Alkawari, ya kuma saɓa wa Alƙur'ani wanda yake kiransa Almasihu. Wannan batu na ƙarshe ya kamata mai hidima ya riƙe shi da ladabi, domin yana nuna cewa ƙin littafin nan ba faɗa da maƙwabci ba ne. Mai karatu Musulmi ma yana da dalilinsa na ƙin sa.

Amma mu lura. Ba mu da ikon yi wa hoton Ankara dariya muddin muna tafa wa guntayen Washinton. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ma'aunin da muka auna na wani da shi, da shi za mu auna namu.

Kuskure na biyu

Wanda ya ji waɗannan labarai yana iya faɗawa wani ramin, ya ce ashe duk tsofaffin littattafai zato ne. Wannan ma rashin bincike ne. A 1862 wani Baheleni mai suna Constantine Simonides, wanda aka riga aka san shi da ƙirƙirar takardun jabu, ya yi shelar cewa shi ya rubuta littafin Sinaitikus da hannunsa a 1840. Wannan littafi na tsakiyar ƙarni na 4 shi ne cikakken Sabon Alkawari na Helenanci mafi tsufa da muke da shi. Da'awarsa ta faɗi domin shaidu da yawa sun taru a kansa: marubuta aƙalla uku ne suka yi aikin, kowa da hannunsa da irin kurakuransa, masu gyara kuma sun bi bayansu ƙarni bayan ƙarni da tawada iri-iri. A 1975 sufayen gidan Santa Katarina da ke gindin Dutsen Sinai suka sami ƙarin warƙoƙinsa a wani ɗaki da aka manta da shi. Binciken da ya kayar da lamba 2427 shi ne ya tsai da Sinaitikus.

Haka kuma sabuntar takarda ba ta mai da magana sabuwa. Littafin tarihin sarakunan Kano da H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908 ya ƙare ne da Sarki Muhammadu Bello na ƙarshen ƙarni na 19, kwafe-kwafensa ba tsofaffi ba ne. Duk da haka masana tarihi suna aiki da shi a kan zamanin Yaji da Muhammadu Rumfa, suna gwada shi da wasu shaidu, su karɓi wani abu su ajiye wani. Darajarsa tana cikin abin da ya gada, takardar kuwa abin ɗauka ce kawai. Tsohon Alkawari na Ibrananci ma kafin 1947 manyan kwafe-kwafensa na ƙarni na 10 da na 11 ne. Da aka sami naɗaɗɗen littafin Ishaya a Kumran, fatu 17 da aka ɗinke tsawonsu fiye da mita 7, wanda ya girme su da shekara 1,000 ko fiye, sai aka tarar akwai bambance-bambance da dama, yawancinsu na rubutun kalma ne da ƙananan sauye-sauye, littafin kuwa shi ne dai Ishayan da aka sani. Kwafe-kwafen baya sun riƙe amana tun kafin tsohuwar fata ta zo ta shaide su.

A nan ne ƙarfin nassin Sabon Alkawari yake. Yana tsaye a kan rubuce-rubucen hannu na Helenanci fiye da 5,000, da tsofaffin fassarori na Latin da Suriyanci da Kibɗanci da Habashanci, da ayoyin da ubannin ikkilisiya suka kawo cikin rubuce-rubucensu. Sun fito daga ƙasashe dabam-dabam, suna gyara juna, suna tona kuskuren juna. Shi ya sa da aka fitar da lamba 2427 daga cikin shaidu, Bisharar Markus ba ta girgiza ba.

Tambayoyi huɗu na mai hidima

In an kawo maka labarin wani tsohon littafi, ko mai goyon bayanka ne ko mai sukarka, yi masa tambayoyi huɗu. Na ɗaya, fatar: wace dabba ce, wa ya gwada ta, a ina aka buga sakamakon? Na biyu, tawadar da hannun: sun dace da zamanin fatar, ko an yi rubutun ne a kan tsagogi? Na uku, kalmomin: harshen da al'adun da wuraren da aka ambata na wane zamani ne, daga wane littafi aka kwafo? Na huɗu, hannuwan da ya bi: ina ya kwana shekara 50 da suka wuce, da shekara 200, wa kuma zai ci riba in aka gaskata? Ba sai kana da ɗakin gwaji za ka yi waɗannan tambayoyi ba. Mai sayen saniya a Getso yakan duba haƙori da kofato, ya kuma tambayi daga wane garke ta fito da wanda zai tsaya mata, domin saniyar sata ma lafiyayya ce.

In ba ka sami amsa ba, kada ka hau bagadi da labarin, kada kuma ka tura shi ga wani. Gaya wa matashin da ya kawo maka hoton abin da aka tabbatar, ka koya masa tambayoyin nan, domin gobe wani hoton zai zo kai ba ka kusa. Luka ya buɗe Bishararsa da bayanin cewa ya bi diddigin kome tun daga farko kafin ya rubuta, Ayyukan Manzanni kuma ya yabi mutanen Biriya domin sun riƙa bincike kowace rana su ga ko abin da aka faɗa musu haka yake. Mai hidimar da ya gaji wannan Littafi ba shi da dalilin jin tsoron madubin ƙara girma, ba shi kuma da izinin kare gaskiya da kayan jabu.

Domin tattaunawa a aji

1. Bayyana bambancin fatar jima da fatar rubutu, ka nuna yadda wannan bambanci ya taimaka wajen kama guntayen jabu na Washinton.

2. Me gwajin kabon 14 yake aunawa, me kuma ba ya aunawa? Kwatanta warƙoƙin Bamingham da lamba 2427.

3. Wani dattijon ikkilisiya ya turo wa jama'a labarin tsohon littafin fata da yake goyon bayan bangaskiyarmu, amma ba a san asalinsa ba. Yaya za ka yi magana da shi ba tare da ka kunyata shi ba?